Tungar da Ɗantani Ya Sara

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Bodinga ya san Ɗantani tela, in bai san shi da allura ba to ya san shi da baki. Mutum ne da in ka ce ka ga ƙaton kifi a dam ɗin Shagari, zai ce maka ai ƙanen wanda ya kama bara ne. Riga kuwa in ya ɗinka maka, sai ka haɗa da addu'a hannuwanta su zo daidai, don sau da yawa ɗaya yakan tsaya a gwiwar hannu, ɗaya ya rufe yatsu. In ka yi ƙorafi ya ce sabon yayi ne, bai iso ƙauyenku ba tukuna.

Abin da zan ba ku labari a cikin mota ya faro, ranar wata kasuwar Shagari. Ɗantani na komawa gida, an matse shi a kujera ɗaya da abokinsa Arzika mai albasa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da gardama ba. Ana cikin tafiya sai kwandasta ya buga jikin mota ya ɗaga murya.

"Tungar Arzika! Akwai mai sabka?"

Arzika ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya, ya ce "Akwai," kamar hakimi na ba da izini. Kowa a motar ya san kakansa ne mai sunan, shi ya fara saran wurin, Arzika takwara kawai ya ci. Amma wannan bai hana shi jin daɗi ba. Da ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa sai ya waiwayo.

"To tela, mu mun iso gida. Kai hwa, ina aka kiran naka suna? Ko sai ran da mai riga yaz zo rigima?"

Mota ta kwashe da dariya. Ɗantani ya ji abin har cikin ƙashinsa.

"Wagga 'yar tungar kaka yi muna kuri da ita? Gida huɗu da kuka guda?"

"Gida huɗun dai. Amma kullum sai an hwaɗi sunana cikin mota, sahe da marece."

Ɗantani ya leƙo ta taga, mota ta riga ta fara tafiya. "Ku shaida, jama'a! Kahin ruwan hwarko shi sabka, sai kun ji an kira Tungar Ɗantani cikin wagga mota. In ba a kira ba, kada a sake ce mani namiji!"

Ga wanda bai sani ba, tunga ba gari ba ce, ko ƙauye ma ba ta kai ba. Mutum ne zai gaji da jeka-ka-dawo tsakanin gida da gona, ya kafa bukka a bakin gonarsa. Baɗi ɗan'uwa ya biyo shi, baɗin baɗaɗa wani ya zo. Gida biyu ko uku, rijiya ɗaya, inuwa ɗaya. Ba kasuwa, ba masallacin Juma'a, mai unguwa ma na maƙwabta ake aro. Duk dukiyarta suna ne, kuma sunan nan shi ya hana Ɗantani sukuni.

Yana da gonar gado a bakin titi, tsakanin Bodinga da Shagari, mai dogonyaro guda a goshinta. Yana isa gida ya tarar da matarsa Saratu tana tankaɗe. Shekara talatin da ɗaya da aurensu, bai taɓa kiran sunanta ba, kamar dai yadda mazan zamaninsa ke yi wa matar fari. "Ke" ce a gida, in an yi baƙi ta zama "uwar Mariya", da sunan 'yarsu da ke aure a Dingyaɗi.

"Ke, haɗa kaya. Mun tashi."

"Zuwa ina?"

"Tungar Ɗantani."

Saratu ta ajiye rariya. "Ina ta take?"

"Ba ta kai ga kasancewa ba. Mu za mu kasantar da ita."

Tsohuwarsa Inno na zaune a bakin ɗaki tana jan carbi, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta ce, "Ɗantani, tunga ba jinjiri ta ba, balle ka yanka rago ka raɗa mata suna. Mutane ka ba ta suna, da abin da sunka gani wurin."

"Inno, wancan zamani na. Yanzu da ilimi aka yin komi."

Cikin mako biyu bukka ta tashi a gindin gona, an kewaye ta da zana. Saratu ta bi shi, ba don ta yarda ba, sai don ta san in ta bar shi shi kaɗai to gawarsa za a kawo mata. Inno ta ce ita ba inda za ta.

Aikin farko shi ne sanar da duniya. Ɗantani ya sami farin yadi mai tsawo, ya yanka haruffa da jan ƙyalle, ya ɗinka TUNGAR ƊANTANI ɓaro-ɓaro. Ya ɗaure gefe ɗaya a dogonyaro, ya kafa gungume a tsallaken titi ya ɗaure ɗayan, yadin ya ratsa saman hanya. Ya ja baya, ya riƙe ƙugu yana kallo. Saratu ta ce ya yi ƙasa da yawa. Ya ce mata harkar awo a bar wa tela.

Bai rufe baki ba sai ga babbar mota an lafta mata buhunan albasa har sun yi tozo. Ta wuce fuu, ta yaye yadin da igiyarsa da rabin reshen dogonyaro. Ɗantani ya bi ta da gudu yana ihu har takalminsa ɗaya ya fita, yana ji yana gani sunansa ya nufi kudu yana kaɗawa a kan albasa.

Washegari a kasuwa ya riga kowa ba da labarin. "Ai da gangan niy yi. Yanzu haka har Ikko an san Tungar Ɗantani."

Arzika ya ce, "Madalla. An san ka can, saura nan."

Sai Ɗantani ya koma wa ƙarfe. Ya sa aka fasa tsohuwar ganga, aka baje ta, aka rubuta sunan da fenti, ya kafa a bakin titi. Ta yi kwana biyu cur tana aiki. A na uku masu sayen gwangwan suka bi ta hanyar da kurarsu, suka ga ƙarfe tsaye ba mai shi, suka taimaka masa.

Ana cikin haka zafin bazara ya kankama. Saratu ta ga matafiya na tsayawa a inuwar dogonyaro suna haki, ta ga kuma zaman shiru zai haukata ta. Sai ta jawo randa ta girke a gindin bishiyar, ta rufe ta da faifai, ta ɗora moɗa. Duk wanda ya tsaya ya sha, sadaka. Daga baya matan Fulani na wata ruga da ke kusa suka fara kawo mata nono, ita kuma dama hannunta a fura ba na wasa ba ne. Ɗantani ya kalli abin ya taɓe baki. Ya ce ta yi ta wasanta, shi manyan ayyuka ke gabansa.

Babban aikin kuwa rijiya ce, don ruwan randar daga fadama Saratu ke ɗauko shi a ka, kuma ba a taɓa jin tunga ba rijiya ba. Saratu ta nuna masa wani ɗan kwari bayan bishiyar, inda ciyawa ba ta bushewa ko da rani, ta ce a kira masu haƙa daga Danchaɗi.

"Masu haƙa? Ni da nika shinshina ƙasa in gaya maka gaba nawa ruwa yake? Bisa tudu za a yi ta, inda na cikin mota za su hange ta."

Ya ari jakin Arzika. Dabararsa ita ce ya ɗaura igiyar guga a jikin jakin, in ya cika gugan da ƙasa ya yi tsawa daga ƙasa, jaki ya ja. Igiyar nan kuma ita ce tsaninsa na fita. Kwana uku abin na tafiya, rami ya shanye tsawonsa har ya ninka. Ran na huɗu da hantsi, wata jaka ta yi kuka daga rugar Fulani. Jakin Arzika ya ɗaga kunne, ya amsa, ya zabura da igiya da guga da komai.

Ɗantani ya yi kira har muryarsa ta dushe. Da ƙyar Saratu ta jiyo shi, ta zo ta leƙa.

"Malam, ka iske ruwan?"

"Saura ƙiris. Ƙasa ta hwara laima."

"Wannan zuhwarka ta."

"Ke, nemo igiya ki bar gardama!"

Babu wata igiya a gidan. Sai da la'asar ta kawo jiki sannan Maniru ɗan kabu-kabu ya tsaya shan fura, shi kuma ya tare wata motar fasinja. Aka kwance igiyar kaya, maza shida suka ja, Ɗantani ya fito fari fat da ƙasa kamar an tono rogo. Yana fitowa ya kakkaɓe riga ya ce dama gwaji yake yi, yana son ya ga ko mutanen hanyar nan suna da taimako. Fasinjoji suka sha ruwan randa, suka sha fura, suka sha dariya, suka tafi.

Ba a yi kwana biyu ba ya ji wani direba na cewa, "Mu tsaya Ramin Tela mu sha ruwa." Ya tuna maganar Inno. Ran nan ya cike ramin da hannunsa cikin yini ɗaya, aikin da bai taɓa yin mai sauri irinsa ba tun da aka haife shi, ya baje wurin ya dasa rogo a kai. Masu haƙa suka zo daga Danchaɗi, suka haƙa inda Saratu ta nuna, ruwa ya ɓulɓulo. Ɗantani ya ce ai nan ɗin ne zaɓinsa na biyu.

Saura mutane. Gida ɗaya ba ya zama tunga, ko da mai gidan ya kai Ɗantani baki. Ya kafa ƙarin bukkoki biyu, ya bi 'yan'uwa gida-gida yana yi musu tayin zama manyan gari. Kowa ya ce sai ya yi shawara. Da ya ga damina na matsowa, sai ya zauna a kan kekensa ya ɗinka mutum uku da ragowar ƙyallaye, ya cusa musu ƙaiƙayi, ya yi musu kai da ƙwarya, ya kafa musu huluna. Ya shimfiɗa tabarma a gefen dogonyaro ya jingina su, wai na cikin mota su ga dattawan gari na hira.

Ranar da aka gama su ita ce ranar da Inno ta ga dama ta zo ganin wuri. Maniru ya sauke ta daga babur, ta dogara sanda, ta hangi manya zaune. Ta rage tsawo.

"Salamu alaikum. Kun wuni lahiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa zahi?"

Shiru.

"Nic ce ƙaƙa iyali?"

Shiru. Saratu na can tana dama wa wasu direbobi fura, ta buɗe baki za ta yi magana, dariya ta shaƙe ta.

"Kai, waɗanga wane irin mutane na? Tsohuwa na gaishe ku kuna kallon ta? Kai mai jar hula, da kai nika!"

Ta zungure shi da sanda. Kan mai jar hula ya ɓalle, ya gangara, ya tsaya a ƙafarta. Inno ta saki sanda ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa ta kashe bawan Allah da tsufanta. Direba ɗaya fura ta fito masa ta hanci. Kafin a lallashe ta, awakin ruga sun gano abin da ke cikin dattawan, suka far musu. Ɗantani ya fito daga bukka ya tarar akuya ta sa kai cikin cikin babbansu tana ci.

Inno da ta gane, ta ɗauki sandarta ta bi ɗanta da ita har bayan rijiya. Maniru kuwa bai kai Bodinga ba sai da ya tsaya wuri huɗu yana ba da labari.

Duk da haka Ɗantani bai karaya ba. Ya ce matsalar daga direbobi take, ba su da ilimin ƙasa. Sai ya ɗauki aniyar koya musu. Ya shiga mota daga Bodinga, da aka kusa gonarsa ya ɗaga murya, "Tungar Ɗantani, akwai!" Direba ko waiwaye bai yi ba. Ya sake faɗa, ya buga rufin mota. Sai da suka hango Shagari sannan kwandasta ya ce, "Baba, wai ina za ka sabka?"

"Tun ɗazu nika hwaɗi! Tungar Ɗantani! Inda dogonyaro da sabuwar rijiya!"

"Au, gun Saratu mai hura? Ai sai ka hwaɗi haka nan, Baba."

"Ba haka sunan wurin yake ba!"

Wani fasinja ya ce, "Kai ma hurar za ka sha? Wallahi ka san daɗi. Mijinta dai anka ce sai a hankali."

Ɗantani ya haɗiye wannan da ƙyar, ya dawo da ƙafa. Don ya gyara lamarin ya ɗinka wa Maniru da direbobi uku riguna kyauta, da sharaɗin su riƙa kiran sunan. Suka karɓa da godiya. Da suka sa, ɗaya ya kasa ɗaga hannu ya kama sitiyari, Maniru kuma hannun rigarsa na dama ya rufe har totur ɗin babur.

Abin mamaki, wurin kuwa sai ya fara cika. Wani mai faci ya ga motoci na tsayawa, ya roƙi ɗaya daga bukkokin ya kawo iyalinsa. Mai shayi ya karɓi ɗayar. Gida uku, rijiya, inuwa: tunga ta tabbata. Ɗantani ya riƙa zagayawa da hannu a baya yana cewa duk tsarinsa ne.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Sai ga saƙo daga mai gari cewa ranar Laraba ma'aikatan lafiya za su zo. Suna bin kowane lungu suna rubuta sunan duk inda mutane ke zaune, komai ƙanƙantarsa, saboda rabon gidan sauro, kuma sunan da suka sa a na'urarsu shi zai hau taswira. Ɗantani ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. In hukuma ta rubuta, wane direba ne zai yi gardama?

Ya gayyaci mai gari, ya gayyaci Arzika musamman, ya gayyaci rabin kasuwar Bodinga. Ya ɗauko lasifika haya aka ɗaure ta a dogonyaro. Saratu ta ce za ta dama fura mai yawa, ya ce fura ba abincin manyan baƙi ba ce, shinkafa da nama ya sa a dafo daga Shagari, mai Keke Napep zai kawo. Ya ɗinka wa kansa babbar riga, wadda ita ma hannunta ɗaya ya fi ɗaya, ya naɗa rawani har ba ya ganin gefensa.

Laraba tun hantsi aka cika. Azahar ta yi, ba ma'aikata, ba shinkafa. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya zuwa wajen randar Saratu. Can sai ga farar mota ta tsaya, wata matashiya mai suna Malama Bahijja ta fito da na'ura a hannu, tana share gumi. Ta durƙusa ta gaida mai gari.

"Ranka shi daɗe, a yi muna haƙuri. Tun sahe muke neman Tungar Ɗantani, mun kai Mandera mun dawo, ba wanda yas san ta. Sai da wani yac ce ko gun Saratu muka nuhi."

Ɗantani ya karɓe da sauri. "Jahilci na, ɗiyata. Ga ki cikinta. Rubuta: Tungar Ɗantani."

"Baba, ba haka muka yi ba. Ba sunan da mai wuri ka so muka rubutawa ba, wanda mutane ka kira shi muka sawa, don in an aiko da kaya su iso. Baki ukku muka tambaya. In sun zo ɗaya, shi ke nan."

"Tambayi ɗari!"

Ta waiga ta ga Maniru a kan babur. "Malam, in ka ɗauko hwasinja zuwa nan, mi yaka ce maka?"

Maniru ya dubi Ɗantani, ya dubi hannun rigarsa da ya naɗe sau uku. "Gun Saratu."

"Ɗaya," in ji Bahijja.

Daidai nan motar kasuwa ta tsaya, kwandastan nan na ranar rantsuwa ya diro da moɗa a hannu. Aka tambaye shi. Ya ce, "Nan? Tungar Saratu mana. Wa ab bai sani ba?"

"Biyu."

Ɗantani ya fizgi makirfo, muryarsa ta karaɗe fili. "Ranka shi daɗe, ban yarda ba! Waɗanga duk 'yan hura na, da hura anka saye su! Na ukkun ni za ni zaɓo shi, mutum mai hankali wanda bai taɓa shan hurar gidana ba!"

Mai gari ya ce an ba shi. Ɗantani ya shiga duba fuskoki, ya rasa ko ɗaya da babu alamar nono a gashin bakinsa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa rawaninsa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kawo shinkafa ne. Ya cusa makirfo a aljihun gaban riga, ya juya wa jama'a baya, ya rage murya. Ya manta abu ɗaya: bai kashe makirfon ba, ga shi kuma daidai ƙarƙashin haɓarsa.

"Kai, kana ina? Mutane na mutuwa da yunwa!" in ji lasifika daga saman dogonyaro.

Jama'a suka kasa kunne. Wayar Ɗantani irin mai amon nan ce, har muryar mai Keken ana ji.

"Alhaji, na wuce na dawo sau ukku. Kowa nit tambaya Tungar Ɗantani sai shi ce bai san ta ba."

"Inda dogonyaro!"

"Dogonyaro ya hi dubu bisa hanyar ga."

"Inda sabuwar rijiya! Inda mai hwaci!"

"Alhaji, ga hadari, shinkahwa za ta jiƙe. In ba ka hwaɗa mani wurin ba, ni komawa za ni yi."

Ɗantani ya ƙara duƙar da kai, bakinsa ya kusa taɓa aljihu. "To ji nan, kada ka gaya ma kowa. Ka ce a nuna maka gun... gun uwar Mariya."

"Wace Mariya?"

"Gun mai hura!"

"Wace mai hurar?"

"Saratu! Saratu mai hura! Tungar Saratu, kai wane irin mutum na!"

"Au! Ai da ka hwaɗi tun ɗazu. Ga ni nan tahe."

Sunan ya fita ta lasifika, ya ratsa titi, ya gangara fadama, har matan ruga sai da suka ɗago kai. Ɗantani ya juyo yana murmushin wanda ya gama sirri, ya tarar da idanu sun fi ɗari a kansa.

Malama Bahijja ta danna na'urarta. "Ukku."

Arzika ne ya fara faɗuwa daga kan benci. Mai gari ya ja gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Inno, wadda ita ma aka ɗauko ta taron, ta tambayi na kusa da ita, "Ɗantani na yak kira sunan matatai? Da bakinai? Gaban mutane?" Aka ce da lasifika ma. Ta ce to lallai duniya ta zo ƙarshe. Saratu kuwa ludayi ya suɓuce mata cikin ƙwarya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba wanda ya san dariya take ko kuka. Ɗantani ya buɗe baki zai ce da gangan ya yi, sai ɗigon farko ya faɗo masa a kan hanci. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, aka watse ana dariya, shinkafa ta iso aka ci ta a tsaye cikin bukkar mai shayi.

Kwana uku bai je kasuwa ba. Ran na huɗu zare ya ƙare masa, dole ya fita, kuma da yake Allah ya tsara, a motar dawowa aka sake matse shi da Arzika. Arzika yana ta murza gashin baki. Can kwandasta ya buga jikin mota.

"Tungar Saratu! Akwai mai sabka?"

Arzika ya zungure shi da gwiwar hannu. Ɗantani ya dubi titi, ya tuna tafiyar ƙafa daga Shagari. Sai ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya.

"Akwai."

Da ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya waiwayo. "Arzika, kai sunan kakanka kaka ci, shi ko ya daɗe da rasuwa. Ni mai tungar tana raye, kuma yanzu haka hurata taka damawa. Cikinmu wa yaf hi?"

A karon farko tun suna yara, suka rabu ba tare da gardama ba.

Ɗantani ya tarar da Saratu a gindin dogonyaro, ƙasa na ƙamshin ruwa. Ta miƙo masa ƙwarya, ta bar hannunta a kai ba ta saki ba.

"Malam, na ji mota ta tsaya. Wa anka kira?"

"Ke."

"Ni wa?"

"Ke dai kin sani."

"Shekara talatin da ɗaya nika jira. Ranar da niz zo ji, sai da nir raba da mutanen ruga da mai gari. Yanzu nawa nika so, ni ɗai."

Ɗantani ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya ɗaga kai ya duba reshen dogonyaro, ya shafa aljihun gaban rigarsa, ya tabbata babu komai a ciki sai zare. Sannan ya matso, ya faɗa a hankali, ta saki ƙwaryar.